Yaya Isuhu da Jar Motar da Yake Kaiwa Inuwa

Da kakar nan da muke ciki, Yaya Isuhu ya cika shekara bakwai a ƙasa. Ban taɓa zaton zan kai labarinsa jarida ba, don shi mutum ne da ko hoto aka ce za a ɗauke shi sai ya juya baya ya hau neman wani ƙarfen da bai ɓata ba. Amma abin da ya faru a gidanmu na Tasawa kwanan baya ya hana ni zama. Waɗanda suka san ni sun san magana ba ta kwana a cikina. Wannan ɗayar ce na riƙe shekara da shekaru, kuma wallahi ta ishe ni.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Isuhu bakanike ne, kuma yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Garajinsa na jikin gidansa, kuma da wuya a samu direban da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram a wancan zamani wanda bai taɓa tsayawa a ƙofarsa ba. Ni kuwa ungozoma ce, a matarnite ta Mayahi, wato gidan haihuwa, na yi aikina har na ajiye. Da maigidana ya rasu na tattara na dawo wurin Yaya, shi ma matarsa ta riga mu gidan gaskiya, ƴaƴansa mata duk suna ɗakunan mazajensu. Sai muka zama tsofaffi biyu a gida ɗaya, kullum faɗa a kan sukarin shayi da tashar rediyo. Ya ce bakina ya yi yawa, na ce kunnensa ne ya yi kaɗan. Kuma gaskiya na faɗa, don ƙarar inji ta riga ta cinye masa kunnen hagu, na daman ma sai an matso.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Lawali, kuma shi ne ɗan fari. Mutanen zamaninmu sun san abin da wannan ke nufi. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ko zazzaɓi ya kwantar da shi sai dai ya tsaya daga bakin ƙofa ya tambayi wani. Yaya ya riƙe wannan kunyar fiye da kowa a danginmu. Tun ranar suna har ya bar duniya ban ji sunan yaron a bakinsa ba. Sai dai ya ce «yaron nan», in kuma ransa ya yi daɗi ƙwarai ya ce «ɗan naki». Ni gwaggo, ni aka bar wa goyo da shagwaɓa da sayen alewa. Lawali ya tashi ya san haka al'ada take, amma sani daban, abin da zuciyar yaro ke nema daban. Na sha ganinsa yana ƙarami ya wanke kayan aiki tas, ya jera su, ya tsaya yana jiran a ce madalla. Yaya sai ya ɗauki abin da yake nema ya wuce.

Yanzu ina zama ƙofar gida da yamma ina kallon samarin iyaye. Mutum ya aza ɗan farinsa a gaban moto, wato babur, yana kiran sunansa da ƙarfi har maƙwabta su ji, hoton yaron na fuskar wayarsa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Na san zai yi tsaki ya ce kunya ta ƙare a duniya. Amma na san kuma zai daɗe yana bin moton da ido har ya sha kwana, don na zauna da shi na ga abin da mutane ba su gani ba.

Lawali bai gaji garaji ba. Ya tafi Kwatano ya shiga cikin direbobin da ke kawo motoci daga bakin ruwa, Allah ya buɗa masa, ya yi aure can ya zauna. Wata shekara sai ga shi da wata ƴar jar mota ƙirar Japan, ƙasa-ƙasa da ita, tana sheƙi. Unguwa ta taru. Ya durƙusa gaban ubansa ya ajiye makulli a kan tabarma, ya ce Baba ya ƙare rayuwarsa yana gyara motocin mutane bai taɓa mallakar tasa ba, ga wannan. Ni na rangaɗa guɗa har muryata ta shaƙe. Yaya ya tashi ya zagaya motar, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya ce ta yi ƙasa da yawa, yashin Tasawa ba zai bar ta ba. Iyakar godiyar da aka yi ke nan. Lawali ya yi dariya irin ta wanda ya saba, ya kwana biyu ya koma.

Ai kuwa yana barin gari sai na ga wani Yaya da ban sani ba. Ya buɗe gaban motar ya wuni a kanta. Ya kira ni, wai in zo in ga ikon Allah, injin da ba shi da fistan ko ɗaya. Ya zana mini a ƙasa da tsinke: ɗakin injin kamar kwanson gujiya mai ƙwaya biyu, a cikinsa wani ƙarfe mai kusurwa uku yana juyawa, kuma irin wannan ɗakin biyu ne, na gaba da na baya. A bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da ke goge bango yana hana iska tserewa. Bai taɓa ganin irinsa ba duk tsawon aikinsa, sai labari. Na ce to sai ka shiga mu zaga gari mana. Ya ce mota irin wannan ba ta yawo ba ce.

Akwai babban itacen bedi a tsakar gidanmu. Da safe inuwarsa na yamma, bayan azahar ta koma gabas. Sai Yaya ya mai da wannan aikinsa. Ya dawo daga masallacin asuba, ya goge motar da tsohon rawani, ya tada ta, ya matsar da ita yammacin bedi, ya kashe. In rana ta juya ya bar abin da yake yi a garaji, ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya shimfiɗa zane a kujera, ya tada ta ya mai da ita gabas, ya kashe. Tafiyar ba ta fi daga ɗakina zuwa madafa ba. Esansin kwalba na bakin hanya kuwa bai taɓa zuba mata ba, sai na gidan mai. Na ce haba Yaya, ka kafa mata rumfa ka huta mana. Ya ce kwano zafi ne da shi, zana kuma gara take jawowa. Ƙarya yake, Allah ya jiƙansa. In ya yi rumfa ya rasa dalilin shiga cikinta, don bayan ya kashe injin yakan daɗe zaune, hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon bangon gida.

Haka aka ci damina aka ci rani. Sau ɗaya ta fita gari, kuma ni na jawo. Wata da muka yi aiki tare a Mayahi ta aurar da ɗiyarta, na dame shi da mita har ya yarda ya kai ni. Muka bi ta hanyar Kanan-Bakashe, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, masu moto na wuce mu suna waige. Tun kafin mu yi nisa motar ta fara nauyi. Ya taka, ta yi gurnani ba ta ƙara gudu ba. Sai wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, sannan na ji tafin ƙafata na zafi ta cikin takalmi. Na ce Yaya, ƙasan motar nan wuta ce. Ya tsaya, ya kwanta cikin yashi da sabuwar shaddarsa ya leƙa. Da ya ɗago na ga fuskarsa ta sauya. Muka zauna gindin wani gawo har ta huce, muka juyo gida muna rarrafe. Bikin da ban je ba ke nan.

Washegari ya kwance bututun hayaƙi ya nuna mini wata tukunya da ke tsakiyarsa, wai ita katalizer. Cikinta kamar saƙar zuma yake, hayaƙi na bi ta ƴan ramukan ana tace shi. Na wannan motar ya narke ya dunƙule, ya toshe hanya. Ya ce injin da ba ya iya fitar da numfashi ba zai iya shaƙa ba, ni ma ai na san wannan. Ya yi abin da kowane bakanike a ƙasar nan yake yi, ya sa ƙarfe ya farfasa abin ya zazzage shi, ya mai da tukunyar wayam. Ya tada mota, ta amsa da babbar murya. Ranar har shayi ya dafa mini da kansa, ya cika sukari yadda nake so.

Murnar ba ta daɗe ba. Motar na tashi in tana da sanyi, amma ba ƙarfi, in ta tsaya sai jikinta ya riƙa kakkarwa. Abin da ya fi ɗaure masa kai, in ta yi zafi aka kashe ta, ba ta sake tashi sai ta huce sarai. Motocin da ya sani da sanyi suke gardama, wannan kuwa da zafi. Abokan sana'arsa suka yi ta kawo shawara, wannan ya ce famfon esansi ne, wancan ya ce batir. Yanzu nakan ga matasan kanikawa sun jona wata na'ura a jikin mota, ta rubuto musu ciwon a waya, su cire abin da ta ambata su sa sabo. Ban raina musu ba, ni ma a ƙarshen aikina na'urar duba ciki ta zo kuma ta ceci mata da yawa. Da Yaya na nan zai karɓi na'urar ya jujjuya ta, ya yaba, sannan ya yi musu tambayar da yake yi wa kowa: to ta faɗa maka abin da ya mutu, ta faɗa maka abin da ya kashe shi?

Tambayar da ya yi wa kansa ke nan. Ya ɗauko dunƙulen da ya fasa yana shinshinawa, ya ce wannan ba tsufa ba ne, ɗanyen esansi ne ya riƙa zuwa nan yana ci da wuta. Ya kwance buji, wato fulogi, ya tarar sun yi baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Ya gwada bobin da ke ba su wuta ya tarar sun yi rauni. Ya aika Maraɗi aka samo masa duka, ya ɗaura. Kakkarwar ta ɗan ragu, gardamar zafi kuwa tana nan. Ya daina cin abinci sosai. In na yi magana sai ya ce in bar shi, tunani yake.

Wata rana da hantsi ya leƙo ɗakina yana sosa ƙeya. Ya ce yana son aron kunnena. Na ce yau kuma bakin da ya yi yawa ne ke da kunnen aro? Bai yi dariya ba. Na fito na tarar ya cire tayar gaba, ya katse esansi da wuta, ya zare buji ɗaya. Ya ba ni guntun tiyo ya ce in sa baki ɗaya kusa da ramin, ɗayan a kunnena, shi zai murza makulli. Ya ce kowace kusurwa in ta zo wucewa za ta huro iska, uku-uku za su riƙa zuwa, in saurara ko kansu ɗaya. Ni da na ƙare ƙuruciyata da kunne a kan cikin mata ina neman bugun zuciyar ɗa, wannan ba wani aiki ba ne. Ɗakin gaba na ji su fuf, fuf, fuf, babu wanda ya fi wani. Muka koma na baya. Na ji ɗaya mai ƙarfi, biyu kuwa kamar numfashin bakwaini, sai ka kasa kunne sosai. Na ce ya sake, ya sake. Na faɗa masa abin da na ji. Ya sa na maimaita da ƙarfi a kunnensa na dama, sannan ya zare makulli ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofar motar.

Ya riga ya gane ɗaya daga cikin siraran ƙarafan nan ya tafi, shi ya sa iska ke tserewa ta gefe biyu. Abin da ya rage ya san dalili. Yana da wani tsohon aboki a Maraɗi da ya taɓa aiki a garajin Turawa a Yamai, ya kira shi a waya, ni na riƙe wayar ina maimaita masa abin da bai ji ba. Mutumin ya tambayi yadda ake hawan motar. Yaya ya faɗa masa, har da ɗan alfahari a muryarsa. Sai abokin ya yi salati. Ya ce irin wannan injin in yana da sanyi esansi yake kwankwaɗa, in aka kashe shi bai yi zafi ba sai esansin ya kwanta a ciki, ya jiƙa buji, baƙin hayaƙi ya taru ya riƙe ƙarafan. Wanda bai ƙone ba ya gangara katalizer ya yi ta cin sa. Da ya toshe, zafi ya rasa mafita ya koma ciki ya ƙarasa ɓarnar. Ya ce mota ce da ke son a hau kwalta da ita a taka ta har ta yi kuka, shi ne lafiyarta. Dole na maimaita masa wannan duka da bakina, kalma bayan kalma, kuma ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba.

Da aka kashe waya ya juya ya dubi motar. Can ya ce:

«Ni na kashe ta, Rabi. Da lallaɓa na kashe ta.»

Na ce ai da sauƙi, a kira ɗan nawa, shi da ke bakin ruwa zai samo ƙarafan cikin kwana kaɗan. Ya ɗago ya dube ni irin kallon da yake mini muna yara in na taɓa kayansa. Ya ce yaron nan ya yi gumi ya kawo abu lafiyayye, ba zai aika masa cewa ubansa bakanike ya lalata shi ba. In ya ji, ko dai ya ɗauka an cuce shi a saye, ko ya bar hidimar iyalinsa ya hau neman gyara. Ya ce zai samo ƙarafan da kansa, ranar da yaron ya zo zai je tasha ya ɗauko shi da ita. Sannan ya sa na yi masa alƙawari.

«Kada yaron nan ya ji. Ko bayan raina.»

Na yi masa, don ban taɓa ganin yayana da idanu irin na ranar ba. Ya yi ta ba direbobi sallahu, Katsina, Kano, Damagaram, Yamai. Wasu su dawo hannu wofi, wasu su kawo zoben fistan su ce shi aka ba su. Ya daina tada motar kwata-kwata, amma bai daina kai ta inuwa ba. Ya zuba jar ƙasa ya daɓe hanyar tsakanin yamma da gabashin bedi, ni in zauna in riƙe sitiyari, shi ya kafa kafaɗa a bayanta ya tura. Safe da azahar, tsoho mai furfura yana nishi. Na yi masifa har na gaji, na ce ya kira ko ɗaya daga cikin ma'aikatan garaji, ya ce hannunsu da baƙin mai. Bangon gidanmu dogo ne, ba wanda ya san abin da muke yi a ciki.

Sai Lawali ya zo Sallar Layya. Ana gobe zai iso Yaya ya lulluɓe motar da tampol ya ɗaure da igiya, ya sa makulli cikin aljihunsa. Na ga Lawali ya ɗaga gefen tampol ɗin ya leƙa ta gilashi, ya daɗe yana duban lambar kilomita. Direba ne, ya ga kusan inda ya bar ta nan take. Ranar Sallah da safe ya fito cikin farar shadda, ya rusuna ya ce:

«Baba, kawo makulli in kai ka idi.»

Ina tsaye bakin madafa riƙe da ludayi. Na san abin da ke ran Yaya. In ma ta tashi, Lawali zai ji kakkarwar tun kafin a fita ƙofa, kuma in aka idar da sallah ba za ta sake tashi ba, gari duka na kallo, a ce ga kyautar ɗan Isuhu ana turawa. Bai ko dubi ɗansa ba, ya gyara hularsa ya ce:

«Ƙafata ba ta gaji ba. A bar ta inda take.»

Lawali ya ce to. Ya bi bayan ubansa a ƙasa, da ɗan rata a tsakaninsu. Na so in jefar da ludayin in yi ihu, wallahi na so. Sallar da suka yi tare ta ƙarshe ke nan.

Da bazara ta zo, wata safiya mun kai motar yamma, kafin azahar Yaya ya faɗi a garaji. Muka yi ta jinya tsakanin Tasawa da Maraɗi, motar na inda ya bar ta, kowace rana zafin la'asar na dukanta, iska ta yayyage tampol ɗin. Da kaka ya cika. Kafin Lawali ya iso daga Kwatano an riga an kai shi. Abin da ya tarar a tsakar gida jar mota ce da ta koɗe, taya ta sace, kaji na kwana ƙarƙashinta. A wurin zaman makoki kuma wani mai sakin baki ya ce masa ai su sau ɗaya suka taɓa ganin ta fita. Da aka zo rabon gado ta faɗo a kasonsa, ya ce a bar ta nan. Tun daga nan zuwansa Tasawa ya ragu, in ya zo kuma ba ya duban wannan gefen gidan. Ni ina gani, alƙawarin mamaci na wuyana.

Kwanan baya ya zo da wani mai sayen tsoffin ƙarafa. Mutumin bai dubi komai ba sai da ya kutsa ƙarƙashin motar, don yanzu abin da ke cikin katalizer ake nema ruwa a jallo. Ya ƙwanƙwasa tukunyar ya fito yana kaɗe riga, ya ce wayam take. Lawali ya yi wani murmushi da ban so ba. Shi ma yanzu furfura ta fara masa. Ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da mutumin ba:

«Ashe har cikinta an cire. Ai bai taɓa son ta ba. Ban san mi na yi mishi ba.»

Nan na ji abin ya kai mini wuya. Yaya ya ɗaure bakina don kada ɗansa ya ji ciwo, ga shi shirun ya zame masa ciwon da ya fi wancan. Na ce wa mai ƙarafa ya je ya sha ruwa ya dawo gobe. Na shiga ɗakin Yaya na ɗauko dunƙulen nan da ya narke, yana cikin tsohon gwangwanin madara inda ya adana shi, na sa wa Lawali a hannu. Na ce zauna. Na faɗa masa komai, tun daga tsohon rawanin goge mota da zanen kujera, hanyar Kanan-Bakashe, tiyon da na sa a kunne, sallahun direbobi, har dalilin tafiya idi a ƙasa. Na nuna masa inda jar ƙasar da aka daɓe ta rage, ruwan damina bai gama cinye ta ba. Yana ta jujjuya dunƙulen a hannunsa. Da na gama ya tambaye ni da wata ƙaramar murya, irin ta lokacin da nake goya shi:

«Gwaggo, ya taɓa faɗin sunana? Ko sau ɗaya?»

Na so in yi masa ƙarya, amma ban iya ba. Na ce:

«Bai taɓa ba. Amma safe da azahar yana tashi ya kai ka inuwa.»

La'asar ta yi lokacin, rana na dukan motar kamar kullum. Lawali ya tashi ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a bedi. Ya finciko ƙofar da ƙyar ya ce in shiga in riƙe sitiyari. Na shiga cikin ƙura da yanar gizo na riƙe. Ya zagaya baya ya kafa kafaɗa daidai inda ubansa ke kafawa, ya tura. Tayoyin sun nutse a ƙasa, ƙarafan sun ci tsatsa, ko gezau ba ta yi ba. Ya sake, ya sake. Daga baya na ji turin ya tsaya, sai numfashinsa kawai nake ji ta jikin motar, yana fita guntu-guntu. Ban waiwaya ba. Na ci gaba da riƙe sitiyarin har aka kira magariba.

Mai ƙarafa ya dawo washegari aka ba shi haƙuri. Lawali ya ce zai nemo siraran ƙarafan a Kwatano, wai yanzu ta waya ma ana samu. Ban sani ba ko injin da ya kwanta fiye da shekara bakwai zai sake tashi, kuma ko ya tashi, wanda ya so zuwa tasha da ita ba ya nan. Wannan ne baƙin cikina, kuma ba zai bar ni ba. Mutum biyu da ke son juna haka, gida ɗaya, harshe ɗaya, a ce ƙarfe ne ya riƙa kai saƙo tsakaninsu, shi ma bai isar ba. Ba na zagin al'adarmu, a cikinta na tashi kuma na ga mutuncin da ke cikinta. Amma da kalma ɗaya ta fito daga bakin Yaya a safiyar Sallar nan, da ɗansa bai ɗauki shekarun nan yana zaton an ƙi shi ba.

Garajin ya zama shagon cajin waya. Kanikawan da ya koya wa aiki sun watsu daga Tasawa har Mayahi, kuma an ce mini har yau in ka kai musu mota sai sun tambayi abin da ya kashe abu kafin su sauya shi. Wannan ya rage nasa, sai bedi, sai guntun hanyar jar ƙasa da ba ta fi daga ɗakina zuwa madafa ba. Alƙawarin da na karya kuwa, in mun haɗu ya yi mini faɗan, na saba. Allah ya jiƙan Yaya Isuhu, ya yafe masa, ya sanya shi a inuwar da ba ta juyawa.